Ana ta kai, wa ke ta kaya?

Duk wanda yake Legas a shekarar 2002 ba zai manta da yammacin Lahadi, 27 ga Janairu ba. Gobara ta kai ga rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja, bama-bamai suka shiga tashi ba ƙaƙƙautawa. Mu da ke Agege mun ji ƙasa tana rawa, sama ta yi ja, kuma babu mai iya gaya maka abin da ke faruwa. Wannan ya ce juyin mulki ne, wancan ya ce yaƙi ya ɓarke. Jama'a suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Waɗanda suka nufi wajen Oke-Afa sai suka tarar da babbar magudanar ruwa a gabansu, ciyawa irin ta kainuwa ta lulluɓe samanta, ga duhu ya fara shigowa. Na gaba suka ɗauka tudu ne suka taka, na baya suka yi ta turowa. Sama da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu yara ƙanana, kuma mafi yawa ruwa da turmutsutsu ne suka ci su, bam bai taɓa su ba. Har gobe makabartar da aka binne su tare tana nan a bakin ruwan.

Ban taɓa ganin laifin kowa cikin masu gudun nan ba. Wanda ya taka wani a ranar bai san ya taka ba, ƙafa ce take aiki, hankali bai samu zarafin cewa uffan ba. Allah kada ya sake nuna mana irinta.

Tsoron da yake damuna daban ne. Shi ne wanda yake zama da mutum kwana da kwanaki, su ci tuwo tare, su tashi asuba tare, har ya koya masa lissafi: wa zan yar don in tsira, wa zan nuna don a ƙyale ni, wace ƙarya zan yi don kada a zo ƙofata. Mai irin wannan tsoron yana cikin hankalinsa. Yana da lokacin da zai yi tunani, kuma yana yin tunanin.

Ni tela ne, haihuwar Agege. Fataucin goro ne ya kawo mahaifina daga Kano, ya zauna, ya yi iyali, a nan aka binne shi. Ina cikin masu taimakawa wajen wankan gawa a masallacin unguwarmu. Yankan likkafani ne ya fara shigar da ni, tunda almakashi kullum a hannuna yake, daga baya dattawa suka ce in tsaya in koyi sauran. Wannan aikin ya sa ina ganin mutane a lokacin da mutuwa ta matso kusa da su, kuma abin da nake gani ne ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu.

Kwana kaɗan bayan tashin bama-baman, farkon Fabrairu na 2002, rikici ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka yi asarar rayuka wajen 100. Kawuna yana haya a can lokacin. Har ya bar duniya yana ba da labarin mutum biyu. Na farko maigidan hayarsu ne, wani dattijo Bayarabe, wanda ya kwashe kawuna da matarsa da 'ya'yansu ya sa su a ƙuryar ɗakin matarsa, ya fito ya zauna a benci a bakin ƙofa, duk wanda ya zo ya ce masa 'yan hayarsa sun gudu tun jiya. Na biyu maƙwabci ne da suke raba naman layya da shi duk shekara. Aka tsare shi aka ce ya faɗi gidajen da Hausawa suke, ya ɗaga hannu ya nuna. Kawuna yakan ƙara da na uku, murya ƙasa-ƙasa, don namu ne: wani Bahaushe da ya danna sakata yana jin yaron maƙwabcinsa Bayarabe yana buga ƙofa yana kiransa Baba, bai buɗe ba. Yaron ya tsira ta wata hanya. Amma mutumin ya ci gaba da zama a layin, yana haɗuwa da yaron safe da yamma, yana sunkuyar da kai.

Su ukun nan tsoro ɗaya suka ji. Shi dattijon da ke kan benci, matarsa ta ce gwiwoyinsa karkarwa suke yi.

Na sake ganin abin da idona a 2014. Ranar 20 ga Yuli wani mutum daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed yana ɗauke da cutar Ebola, ya rasu ranar 25 ga wata. Daga nan Legas ta canza. Musabaha ta yi wuya har a masallaci. A cikin danfo, motar hayar Legas, in mutum ya yi tari sai ka ga an takure an ba shi fili, abin da ba a taɓa yi ba. Farkon Agusta aka wayi gari waya tana ta ƙara tun kafin kiran assalatu, 'yan'uwa daga Arewa suna cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin rana ta fito. Mutanen da suka san karatu, waɗanda in ka kawo musu magana sai sun tambaye ka hujja, suka dama gishiri suka ɗura wa 'ya'yansu. An kwantar da mutane asibiti a wasu jihohi, har an ba da labarin waɗanda suka rasa rayukansu.

A bayan shagona akwai wani gidan haya da samari 'yan ci-rani suke kama ɗaki su kwana su shida, su bakwai. Masu tura baro ne da masu ga-ruwa da masu gyaran takalmi. Ɗaya daga cikinsu, yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, zazzaɓi ya kayar da shi, yana amai. Abokan ɗakinsa, 'yan garinsu, waɗanda suka taho mota ɗaya daga gida, suka kwashe tabarminsu da buhunan kayansu cikin dare suka watse. Kafin su tafi suka ja masa ƙofa suka saƙala kwaɗo ta waje. Nisantarsa da suka yi ban ga aibunsa ba, don a lokacin hakan ma'aikatan lafiya suka ce a yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya kira kowa. An yi ta sanar da lambar waya a rediyo, duk sun ji. Sun ƙi kira ne don sun san in aka zo za a rubuta sunayensu a sa musu ido na kwana 21, ko a kwashe su zuwa asibitin killacewa na Yaba, kuma a tunaninsu wanda aka kai can ba ya dawowa. Sai suka zaɓi su bar shi a rufe, ba ruwa, ba abinci.

Wata Hajiya mai tuwo da ke bakin layin ce ta lura kwana biyu yaron bai zo karɓar tuwonsa na bashi ba. Ta aika, aka ce ɗakin a kulle yake amma ana jin nishi. Ta taso da kanta da tsufanta, ta sa aka fasa kwaɗon. Ba ta shiga ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta sa sanda ta tura masa kwanon koko da ledojin ruwa, tana cewa, "Ɗana, ka ji ni? Daure ka sha, ga mu nan, ba inda za mu." Sannan ta juyo gare mu, mu mazan da muka yi cirko-cirko daga nesa, ta ce, "Malam, kai da ke da waya a hannu, kira su mana. In sun zo rubuta suna, su fara da nawa." Aka kira. Da aka duba shi, zazzaɓin cizon sauro ne ya yi masa yawa, ga yunwa da ƙishirwa. Ya warke. Da ya samu ƙarfin tafiya ya hau motar Arewa, bai yi sallama da ko ɗaya daga cikin 'yan ɗakin ba.

Addininmu bai ce mutum ya jefa kansa cikin annoba ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka tarye shi a wani wuri da ake kira Sargh da labarin annoba, ya yanke shawarar juyawa da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce, ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sai Abdurrahman bin Auf ya kawo hadisin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don guje mata. Mutane suna son rabin farko na hadisin. Rabi na biyu ya fi nauyi, don shi ne yake ɗaure mai lafiya a wurin da majinyaci yake, ya kuma hana shi kai cutar garin wasu. Hajiya mai tuwo ba ta yi zurfin karatu ba, amma sandar da ta tura kwano da ita ta cika rabin farko, tsayuwarta a bakin ƙofa ta cika na biyu.

A wannan annoba ɗin dai Legas ta ga misali biyu da duk ƙasa ta sani. Likita Ameyo Stella Adadevoh, a asibitin First Consultants da ke Obalende, ita ce ta ƙi sallamar Sawyer duk da matsin lambar da aka yi mata a bar shi ya wuce taron da zai halarta a Kalaba. Ta san abin da take zargi yana jikinsa, ta san hatsarinsa fiye da kowa a ɗakin, ta tsaya. Cutar ta kama ta, ta rasu ranar 19 ga Agusta 2014. A gefe guda kuma wani da ya yi hulɗa da Sawyer ya sulale daga masu sa ido ya tafi Fatakwal, aka yi masa magani a ɓoye a otal. Shi ya warke, likitan da ya duba shi ya kamu ya rasu, cutar ta shiga garin da ba ta da niyyar zuwa. A ƙarshe mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, an bi sawun kusan mutum 900, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da cutar. Duk lokacin da na tuna yawan mutanen da ke cunkushe a Oshodi da Mil Sha Biyu da tashar Agege, sai in ji cewa mu duka da ke garin nan matar nan tana bin mu bashin godiya.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a wuya, don a nan na ga tsoro ya mai da masu salla abin tsoro. Ranar 30 ga Maris 2020 aka rufe Legas saboda korona. Cikin Afrilu labari ya bazu cewa 'yan daba da ake kira One Million Boys suna bi unguwa-unguwa suna fashi. An yi fashi a wasu wurare, wannan gaskiya ne, amma jita-jita ta ninka shi. Kowane dare sai ka ji an ce ga su nan sun taso. Unguwanni a Agege da kewaye suka koma kwana a titi, ana ƙona tayoyi, kowa da adda ko gora ko kwalba. A makonnin nan na ga samarin da nake sahu ɗaya da su suna neman maganin ƙarfe, ana ɗaura musu guru da layu waɗanda ba su san abin da aka rubuta a ciki ba, wasu har da sharaɗin da ya ci karo da tsarki da salla. Mutumin da jiya yake gyara maka karatun Ƙulhuwallahu, yau ya rataya ransa a wata fata da aka ɗinke.

Wani dare aka kama wani saurayi a bakin layinmu. Ba ɗan unguwa ba ne, babu wanda ya san shi. Yana magana cikin Yarbanci da Turancin buroka, yana cewa gidan yayarsa yake nema, abinci ya ƙare musu ne a inda yake. Babu mai sauraro. Aka fara da mari, aka koma gora. Na ji wata murya daga baya ta ce a kawo taya, kuma muryar na san mai ita, mutum ne mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira wani. Ladanin masallacinmu, tsoho ne da ƙafa take damunsa, ya ratso taron da ƙyar ya tsaya a kan yaron, ya buɗe babbar rigarsa ya rufe shi. Ya ce, "Wallahi duk wanda zai ƙona shi sai ya haɗa da ni. Me kuka gani a hannunsa? Ku nuna mini." Babu komai a hannunsa sai leda da 'yar tocila. Ganin Baba Ladan ya tsaya, mu ma muka samu ƙarfin matsawa muka zagaye su. Aka karɓi lambar yayar aka kira, ta zo da gudu ba ko takalmi, layi uku ne tsakaninmu da gidanta.

Da gari ya waye duk waɗanda suka daki yaron sun zo sallar asuba a ƙofar gidajensu kamar kullum. In ka tambaye su, amsarsu ɗaya ce: ana ta kai, wa ke ta kaya? Na sha jin wannan karin magana a bakin mutane a irin wannan lokaci, kuma gaskiya ce in kayan ake nufi, buhun masara ko keken ɗinki. Ran wani mutum da amanar maƙwabtaka ba sa cikin kayan da ake yarwa.

Malamanmu sun yi wa wannan iyaka tun da daɗewa, kuma iyakar tana da tausayi ƙwarai. Ammar bin Yasir ya ga an kashe mahaifiyarsa Sumayya a kan imaninta, aka azabtar da shi har ya furta abin da mushirikai suke so. Ya zo wurin Annabi yana kuka. Aka tambaye shi yadda ya ji zuciyarsa, ya ce a natse take da imani. Aka ce masa in sun sake, ka sake. Aya ta 106 a Suratun Nahli ta yi uzuri ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani. Wato har kalmar kafirci an yafe wa wanda takobi ke wuyansa. Amma malaman nan dai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta wa mutum ya kashe wani don ya tsirar da kansa, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. Abin da yake tsakaninka da Ubangijinka, Shi mai rangwame ne a kansa. Abin da yake haƙƙin bawa, ba naka ba ne balle ka biya kuɗin fansar kanka da shi. Mai nuna ƙofar maƙwabci, da mai saƙala kwaɗo a ɗakin majinyaci, da mai kiran a kawo taya, duk da aljihun wani suka biya.

Ina tausaya wa mutanenmu, don na san abin da ke ƙara wa tsoronsu nauyi a garin nan. Ɗan ci-rani yana tsoron mutuwa, yana kuma tsoron mutuwa a Legas: a binne shi inda uwarsa ba za ta san kabarinsa ba, 'yan kuɗin da ya tara a hannun wani su bi ruwa, matarsa da 'ya'yansa a ƙauye su ji labari a waya bayan kwana uku. Ga bashi, ga adashen da bai kwasa ba. Mutumin da yake jin in ya faɗi babu mai ɗaga shi, shi ne ya fi saurin sakin hannun wani. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito inda Annabi ya ambaci wani rauni da za a jefa a zukatan al'umma, da aka tambaye shi mene ne ya ce son duniya da ƙin mutuwa. Da ina yaro na ɗauka da masu kuɗi ake. Yanzu na ga yana kama mai tura baro kamar yadda yake kama mai gidan bene, don kowa da duniyar da yake riƙe da ita.

Na yi ta tunanin abin da ya haɗa dattijon Idi-Araba da Hajiya mai tuwo da Baba Ladan. Ba jarumai ba ne, cikinsu babu wanda zai iya kokawa da yaro ɗan shekara sha biyar. Abin da na lura shi ne kowannensu ya daɗe yana yin ƙaramin abin kafin babban ya zo. Hajiya shekara da shekaru tana ba yaran nan tuwo bashi, tana lura da wanda bai zo ba. Baba Ladan shi ne mai raba faɗan miji da mata, mai raka baƙo masauki, kuma shi ya koya mini yadda ake juya gawa a hankali kamar mai rai. Mutumin da hannunsa ya saba da likkafani ya riga ya yarda cewa nasa yana nan tafe, ko yau ko gobe, don haka idan aka tsorata shi da mutuwa ba sabon labari aka kawo masa ba. Ban ce ba ya jin tsoro ba. Na riƙe hannun Baba Ladan a daren nan muna komawa gida, sanyi ƙalau yake, yana rawa. Kuma na lura da wani abu: da zarar mutum ɗaya ya tsaya, sai a samu biyar a bayansa. Yawancinmu ba mugaye ba ne, jira muke wani ya fara.

Bayan korona mun zauna a masallaci da liman da shugabannin samari muka yi 'yan gyare-gyare. Akwai littafi yanzu a hannun na'ibi, duk ɗan ci-ranin da ya sauka a unguwa ana rubuta sunansa da garinsu da lambar wani nasa a gida, da wanda yake ajiye masa kuɗi. Akwai asusun jana'iza da kowa ke sa abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a, don kowa ya san in ta Allah ta kasance za a yi masa sutura yadda ya kamata, a kuma sanar da iyayensa a ranar. Mun sayi safar hannu da takunkumi mun ajiye tare da kayan wanka. An rubuta lambobin kiran gaggawa na jihar Legas, 767 da 112, a jikin bango kusa da wurin alwala. An kuma yi doka cewa duk wanda aka kama da dare, kafin kowa ya ɗaga hannu sai an taso dattijo biyu, kuma hukuma za a miƙa wa shi. Samarin da suka shigo unguwar a bana, uku daga cikinsu sun fara zuwa koyon wankan gawa ranar Asabar bayan la'asar.